Na Inuwa Maza, Na Rana Mata

Kiwon kunkuru wahala ne, kada kowa ya ruɗe ku. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale mai lambu, kuma tun daga ranar nake jidar ganyen latas da ɓawon kankana daga Tarauni zuwa gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, saboda dabbar da ba ta kuka, ba ta san mai ita ba, ba a kuma layya da ita. Ni facin taya nake yi a bakin titi. Ban nemi wannan aiki ba, gadonsa na yi.

Manya uku ya bari, namiji ɗaya da mata biyu, tun zamanin kakanmu suke gidan. Da jikinsa ya yi tsanani bai yi mini zancen iyali ba, ya san zan riƙe. Cewa ya yi, "Garba, kada irin nan ya ƙare a hannunka. Ƙwan kuma ka riƙa raba shi biyu." Na ce to, don ba a musu da marar lafiya.

Na sha ganinsa yana wannan rabon. In mace ta haƙa rami ta zuba ƙwai, sai ya tone a hankali, ya binne rabi a gindin mangwaro inda ruwan alwala ke gangarawa, rabi a jikin katangar da rana ke duka. In na tambaya ya ce, "Na inuwa maza, na rana mata." Dariya kawai nake yi. Na ɗauka camfin masu lambu ne.

Bayan rasuwarsa, gida ya yi mana kaɗan. Na sare mangwaron, na tayar da ɗaki biyu, na malale tsakar gida da siminti, na bar musu ɗan lungu mai yashi. Ƙwan kuwa na tara shi duka a tsohon baho, na rufe da yashi, na ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano. Sai ga shi ya ƙyanƙyashe da wuri, ya riga lokacin da na Yaya ke fitowa. Har alfahari na yi a wurin faci, wai na fi mai lambu iya lambu. Ashe sauri ya haifi nawa. Na riƙe goma sha huɗu daga 'ya'yan farko, na bayansu na yi ta kyauta da su. Ƙaramin kunkuru ba a gane jinsinsa sai ya shekara da yawa, ni kuma ban taɓa juya ko ɗaya na duba ba.

Shekara huɗu da suka wuce tsohon namijin ya mutu. Ban damu ba, ina ganin ai akwai magada. Ƙyanƙyasa ta yi ta ja da baya, bana ko ɗaya bai fito ba. Na fasa ƙwai guda, wari ya kore ni.

Juma'ar da ta wuce Hadiza, 'yar marigayin, ta zo gaishe ni. Ita ce ta yi karatun dabbobi a jami'a. Na gaya mata, ta tattare mayafi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ina juyawa tana dubawa. Ƙasan cikin namiji a lotse yake, wutsiyarsa doguwa. Duka sha huɗun a shafe suke.

"Baffa, ai makarantar 'yan mata ka buɗe," in ji ta. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ta ce ƙwan kunkuru ba kamar na kaza ba ne. Lokacin da uwar ta zuba shi, ba namiji ba ne, ba mace ba. Abubuwan gadon da ke gina kowanne duk suna ciki a kwance. Can tsakiyar kwanakin, ɗumin ƙasa ke tayar da wasu ya bar wasu suna barci. In ƙasa ta yi zafi a samu mata, in da ɗan sanyi a samu maza. Ƙwan kada ma ɗumi ke raba shi, sai dai ma'auninsa daban. Na ce to ina ikon Allah? Ta ce, "Shi ya halicci ranar, Shi ya halicci inuwar, Baffa. Kai ne ka sare guda."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yaya bai taka aji ba, da tafin hannu yake auna ƙasa. Ina tunanin me zai ce da ya ga unguwar nan yau. A da yakan taka daga Unguwar Gano har gida yana bin inuwa. Yanzu kowa ya sare, kowa ya shafe da siminti, muna ta kukan zafi kamar wani ne ya jawo mana. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Durƙusawa zai yi ya taɓa ƙasa, ya dube ni, shi ke nan.

Kayansa sun tsufa, lambunan da ya yi wa aiki sun zama benaye. Abin da ya rage nasa shi ne magana guda mai gaskiya, da 'yar da ta je ta gano dalilinta, da dabbobi sha shida da ba su da gobe in na ci gaba da zama. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini taurin kai.

Kafin ta tafi, Hadiza ta tuna babanta ya taɓa ba Baba Sunday kafinta, abokinsa na Darmanawa, ɗan kunkuru daga na gindin mangwaro. Mutumin nan ya zo ta'aziyya sau uku, ni ban taɓa taka ƙofarsa ba.

Washegari ban buɗe wurin faci ba. Na ari baro na tura har Darmanawa, na yi sallama ina jin kunya. Tsohon ya saurare ni, ya leƙa baron ya ce, "Shekara goma sha biyu, sai da kuka rasa ango kuka tuna da ni?" Kunkurun nasa ya zama ƙaton namiji, mu biyu muka ɗaga shi da kyar. Na turo shi gida, na sauke, na ɗauki diga na fara fasa simintin bayan ɗaki, inda rana ba ta kaiwa.