Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

A rumfar rajistar layukan waya a Tambuwal akwai wani dattijo, da ganinsa manomi ne, wayarsa ƙunshe a leda. Hukuma ta ce gobe za a rufe duk layin da ba rajista. Sau biyar ke nan yana ɗora babban yatsa, na'ura tana ƙi. Ƙotar fartanya ta cinye zanen yatsan.

Wakilin wani kamfani ya leƙo. "Baba, bar wahala, ga sabon layi kyauta, da rajistarshi."

"Ɗana, wagga lamba kaɗai yarona Dikko yas sani. Shekara biyu da tafiyarshi Kurmi, ban ji ɗuriyarshi ba."

Ya tofa wa yatsan yawu, ya goga a riga, ya koma bayan sahu.