Jitar da ta raba shanun huɗa

A wayar saurayina na fara ganin ta, wata ranar kasuwar Tudun Wada da ya biyo shagon da nake koyon ɗinki. Jita ce ta lantarki, ja jawur, tana sheƙi kamar an shafe ta da mai. Shekaruna goma sha tara a lokacin, kullum ina rungume da littattafan soyayya na haya, har na yarda cewa namijin da bai yi ganganci saboda budurwarsa ba, to ba son gaskiya yake yi ba.

Shi manomi ne, da rani kuma yana bin masu kiɗan biki da jitar aro. Ba jar ya zo nuna mini ba, wata baƙa ce mai araha, wadda ya ce abin da ya tara zai saya masa ita har da lasifikarta. Kamfani ɗaya ya yi su, in ji shi, kuma a hayaniyar biki babu kunnen da zai bambance su. Na murguɗa baki na ce ashe ni ma kallon mai araha yake yi mini. Ya yi dariya, ya ce haba gimbiya, ai tuwo za mu ci a gidanmu, ba jita ba. Na ce ya je ya yi wa tuwon kiɗa, kada ya sake zuwa zance sai da jar a kafaɗarsa. Sati uku ban ɗaga wayarsa ba.

Ya zo da ita kuwa. Da la'asar a zauren gidanmu ya kaɗa mini, sai na ji wani ɗan sauti kamar kukan sauro. Ya ce sai an haɗa ta da lasifika, kuɗin kuma bai kai nan ba. Na matsa masa da tambayar inda ya samo kuɗin jitar. Ashe ɗaya daga cikin shanun huɗarsu biyu ya sayar, ya yi wa mahaifinsa ƙaryar cewa ya kai san ruga a yi masa magani. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, zai mayar kafin damina.

Tun daga ranar, duk na ga hadari ya taso sai gabana ya faɗi, don sa ɗaya ba ya jan garma. Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita huɗa, mahaifin nasa ya taka har rugar, aka ce ba a taɓa kawo musu sansa ba. Daga can gidanmu ya wuto. A gaban babana ya kira ni 'yata, ya tambaye ni a hankali ko na san inda san yake. Na sunkuyar da kai na rantse ban san komai ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ɗauki sandarsa ya fita. Na bar ɗansa ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Shekarar nan da fartanya suka yi noma, rabin gonar ya kwana ba a nome ba. An mayar da jitar Kano inda ya sayo ta, abin da aka ba su ko maraƙi bai saya ba. Saurayina ya bar gari bai yi mini sallama ba.

'Yan uwana mata, kada ku auna son da ake muku da tsadar kaya. Idan mutum ya nuna muku iyakar ƙarfinsa, ku tsaya nan. Idan kuma bakinku ne ya tura shi, kada ku zame ranar tambaya.

Bara na haɗu da ƙanwarsa a gidan suna a Kiru. Ta ce yana Riruwai yana haƙar kuza, yana da mata da 'ya'ya uku. Shekara biyar ya yi kafin ya aiko wa mahaifinsa da bijimai biyu a mota. Shi kam har yau bai tako garin ba.