Waƙar da Kawu Ya Gyara

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi yana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Malam Waƙafi suke kiransa, don ko wasiƙar gaisuwa ka aiko masa sai ya bi ta da jan biro, ya sa aya a nan, waƙafi a can. Matarsa kan ce da ita ma takarda ce, da tuni ya soke ta. Ba mugu ba ne, shi dai a wurinsa ƙa'ida ƙa'ida ce.

Wata rana ya ba 'yan aji huɗu aikin waƙa, baiti uku, kowane baiti layi huɗu. Wata yarinya mai zama kusa da taga ta rubuta tata a kan mahaifiyarta. Baiti biyu na farko duk a lokacin da ya wuce suke, amma a na uku sai ta koma cewa uwar tana nan, tana tsefe mata kai.

Kawu ya kira ta gaban allo, ya sa ta kwafe waƙar a kai. "Ke, lokaci ɗaya ake riƙewa. Goge *is*, ki sa *was*."

"Malam, a bar shi haka."

"Ni za ki koya wa nahawu? Goge."

Ta goge. Wuri huɗu ta gyara, alli yana karyewa a hannunta, ta koma ta zauna. Sai bayan an tashi shugabar makaranta ta gaya masa kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar uwar. Yarinyar ba ta sake zuwa ba. Da ya nemi gidansu, ya tarar sun tashi.

Tun daga ranar bai ƙara fito da ɗaliba gaban allo ba. Ya ce mini ko ya juya yana rubutu, yakan ji kamar akwai mai tsayuwa a gefensa tana jiran ya gama.

Bayan ya yi ritaya, ciwon suga ya kwantar da shi a asibiti, ni ke jinyarsa. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo duba shi da safe ta karanta katinsa, ta dube shi.

"Malam, ba ka gane ni ba? Mai waƙar nan ce."

Ya yunƙura zai tashi. "'Yata, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ba komai, Malam. Ai gaskiyarka ce. A gida kowa cewa yake mahaifiyata ta yi tafiya. Kai ka fara gaya mini ta rasu."

Ta gyara masa robar ƙarin ruwa, ta wuce gado na gaba. Sati biyu muka yi a ɗakin. Kullum sai ta gaishe shi da ladabi, shi kuwa da ya ji takunta sai ya juya fuskarsa bango.