Ina Bakin Gada Tauraron Ya Ɗauke

Duk garinmu, idan maganar sama ta taso, ni ake nema. Kimiyya nake koyarwa a sakandaren da ke hanyar Bunkure, kuma tun ina yaro nake zama a gona da rani ina kallon zara da kaza da 'ya'yanta. Shi ya sa da wasu malaman jami'a biyu, mace da namiji, suka zo da madubin hangen nesa a bayan mota, gidana aka nuna musu.

Suka ce akwai wani dunƙulen dutse da ƙanƙara can bayan duniyar Naftun, inda da ƙyar hasken rana ke kaiwa. A daren nan zai gifta ta gaban wani ɗan tauraro, inuwarsa ta ratso ta kan gonakinmu. Tauraron zai ɗauke na 'yan daƙiƙu, da tsawon ɗaukewar za su auna girman abin. Wuri mai duhu kawai suke nema.

Gonata a bakin titi take, sai na kai su ta taubashina, ɗan kawuna, can cikin alkama. Mutumin da in ka ce masa sama, hadari kaɗai ya sani! Yana ganinmu ya ce, "Malam, yau kuma taurari za ka yi wa jarrabawa?" Wasa ne tsakaninmu tun kakanni, babu halin fushi. Na ce ya dai matsa gefe kada ya yi mana ɓarna.

Bayan lisha aka kafa madubi, aka jona shi da kwamfuta. Ga tauraron nan a jikin allo kamar ƙwayar gero. Sai matsala ta taso: masu babura da ke bin hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa suna haske mana wurin. Matar ta dube ni ta ce, "Malam, kai za su ji maganarka." Kaina ya kumbura, na tafi bakin gada ina tsayar da su, da niyyar in dawo kafin lokaci.

Har na juya zan koma, sai ga wani dattijo a kan keke da tocila, aminin marigayi mahaifina. Na roƙe shi ya kashe, ya kashe, sannan ya sauko. Na durƙusa.

"Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ƙafar gyatumar taka? Tumatir ya yi kuwa bana?"

"Lafiya lau, Baba. Da sauƙi, Baba." Daga nan ya ɗaga hannu ya shiga yi wa mahaifina addu'a. To wa ya isa ya miƙe ana roƙa wa ubansa gafara? Ina cikin cewa amin na jiyo kabbara daga cikin alkama, kuma muryar taubashina ce.

Na iso a guje, wando duk taɓo. Yana zaune a gaban allo a kan buhun taki yana ta faɗin, "Ya ɓace ɓat! Wallahi ya ɓace, sai ga shi ya dawo!" Suka maimaita mini a bidiyo, amma ai ɗumame ba tuwo ba ne. Na tambayi matar yaushe inuwar za ta sake biyowa ta nan. Ta ce mai yiwuwa ba a zamaninmu ba.

Ban ɓoye ba, kishi ya ci ni, har yau kuma bai sake ni ba. Kullum a majalisa shi ke ba da labari, rabi daidai rabi shirme. Wai ƙanƙarar ce ta daskarar da tauraron! In na buɗe baki zan gyara, sai a ce, "Haba Malam, bari wanda ya gani ya faɗa."

Da muka zo darasin sararin samaniya a makaranta, na cika allo da zane, na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah ko za a kira mana wanda ya gani da idonsa?" Aji duka ya ɗauka.

Da ƙafata na je na roƙe shi. Ya zo cikin babbar riga, na ba shi kujerata, na koma bayan aji na tsaya. Da ya kai wajen daskarewar tauraro, ina kallo yarana suka sunkuya suna rubutawa.