Motar Kawu Sule da direbanta mai fuka-fuki

Jiya a Bebeji na iske Kawu Sule da ƙaninsa Kawu Idi suna musun nan nasu da ba ya ƙarewa: tsohuwar motar wa ta fi gudu. Duk biyun ƙirar Ingila ne, gadon kakanmu, kuma tun ina firamare ban ga wadda ta motsa daga gindin mangwaro ba.

Ashe wani Alhaji mai tara tsofaffin motoci ne zai zo daga Kano ya sayi ɗaya. Da jin haka Kawu Idi ya shafe tasa da fentin ƙofa, kore shar. Ya cire kujerun fatar nan na asali ya sa na bas, har da fitilun acaɓa. Kawu Sule kuwa ko ƙura bai kaɗe ba.

Da Alhaji ya iso, yana ganin koriyar ya dafe kai yana salati. Shi tsufan yake nema, ga shi an kankare. Ya juya kan ta Kawu Sule, ya buɗe ƙofa. Sai ga kaza a kujerar direba tana kwanci.

"Baba, yau zan ɗauke ta. Nawa za ka sallama?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji, akwai direba a ciki. Sai ta ƙyanƙyashe."

Haka Alhaji ya koma Kano hannu Rabbana. Kawu Idi kuwa, tun da safe yake bin gidajen maƙwabta neman aron kaza mai kwanci.

Jama'a, wa zai taya ni yi masa bayani?