Gurbin Hannun Inna a Gaban Mota

Motar da mahaifinmu ya bari fara ce, tsohuwar yayi, irin mai dogon hanci wadda in ka tsaya da ita a bakin tasha sai dattawa sun zagaye ta suna shafawa, kowa na ba da labarin tasa da ya yi wautar sayarwa. Injinta lafiya lau. Abin da ya lalace shi ne dashbod, wato shimfiɗar nan mai taushi da ke ƙarƙashin gilashin gaba. Shekara da shekaru motar tana wuni a ƙofar gidanmu a Hausari, kuma wanda ya san ranar Potiskum ya san ba ta da wasa. Ledar saman ta tsattsage kamar faso, soson ciki yana leƙowa, in ka taɓa shi ya zube kamar garin ƙuli-ƙuli.

Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ba direban kirki ba ne. Ba ya ganin saniya sai ta zo daf da hancin mota, a garin da shanu suka fi ƙarfin hanya. Sai ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, Inna da ke zaune kusa da shi ta dafa dashbod da tafin hannunta ta ce, "Malam, a hankali mana!" Shi kuma ya ce, "Ki gaya wa saniyar." Mu a baya mu yi ta dariya. Haka suka yi ta yi har muka girma, har wurin da take dafawa ya lotsa ya zama ɗan rami.

Bayan rasuwarsa motar ta faɗo a rabona. Inna kuwa, tun da ta fita takaba, abu ɗaya ne ke fitar da ita daga gida: ranar Juma'a da la'asar in kai ta Yindiski wurin ƙanwarta. Idonta ya yi rauni, abubuwa da yawa da hannu take gane su, kuma ba ta shiga motar kowa sai wannan. Na san in wannan fitar ta tsaya, to, ɗaki ne zai cinye ta.

Ni kuma Allah ya yi ni da son a ce kayana sun yi tsaf. Wani abokina ya leƙo motar wata rana ya ce gabanta kamar kaji sun yi tono. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Washegari na nufi Dogo Nini, wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota a ƙarƙashin rumfar kwano. Bangizime ne, Hausarsa a hankali take fita, kamar yana auna kowace kalma.

Ya zagaya, ya shafa dashbod ɗin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da ya zo kan ramin sai ya tsaya, ya sa tafinsa a ciki, ya dube ni.

"Alhaji, akwai abin da za a bari?"

"Babu, Baba. A mayar da shi sabo fil."

"Har nan?"

"Musamman nan."

Ya ɗauko kayan aikinsa. Na ja benci na zauna, don ina son kallon mai aikin da ya san aikinsa. Ya kwance notunan, ya ciro shimfiɗar gaba ɗaya ya ɗora a kan tebur. Ya ɓare tsohuwar ledar, tana karyewa kamar ƙanzo. Duk inda soso ya ruɓe ya yanke da reza, ya cike da sabo, ya goge da sanfefa har ko'ina ya daidaita. Sabuwar ledar kuwa a kan kwanon rumfa ya shanya ta da tsakar rana. Ya ce ranar da ta kashe tsohuwar ita za ta tausasa sabuwar. Da ta yi laushi ya shafa gam a ɓangarorin biyu, ya jira har ya daina bin yatsa, sannan ya shimfiɗa daga tsakiya, yana ja yana lallashi zuwa gefe. Kwana biyu aka yi. Da aka mayar, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na dawo gida ina jin kaina.

Ranar Juma'a na riƙo hannun Inna na zaunar da ita. Ta yi bisimilla, ta miƙa hannu gaba kamar kullum. Tafin ya zame. Ta lalaba dama, ta lalaba hagu, sannan ta mayar da hannun kan cinyarta.

"Motar wa ce wannan?"

"Ta Baba ce, Inna. Gyara na yi mata."

"To, madalla. Allah ya yi albarka."

Har muka je muka dawo hannunta bai bar cinyarta ba. Juma'ar da ta biyo baya ta ce gwiwa ke damunta. Ta gaba ta ce rana ta yi yawa. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa kan motar ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai a Juma'a ta uku, ina zaune ni kaɗai a motar ina kallon wannan santsin da na yi ta alfahari da shi, na gane abin da na goge. Kunya ta rufe ni, raina ya ɓaci da kaina ƙwarai.

Na koma Dogo Nini ba tare da wani fata ba. Ban gama bayani ba dattijon ya tashi ya shiga bayan rumfa, ya fito da wani buhu. Ashe al'adarsa ce ba ya zubar da abin da ya cire daga motar mutum sai wata ya zagayo. A cikin tarkacen ya zaro wani yankin soso mai faɗin faifai ƙarami, wanda ya yanko ɗungurungum. Ya yi baƙi, ya taurare saboda dannawa, ga lotsawar tafi a tsakiyarsa.

"Wannan ba rana ta yi shi ba," ya ce. "Hannu ne. Na tambaye ka, Alhaji."

"Ka tambaye ni, Baba."

Dole aka ɓare sabuwar ledar aka yi asararta. Ya yanke gurbi a sabon soson, ya dasa tsohon a daidai inda yake, ya shimfiɗa wata ledar. Don ta bi ramin, sai ya soya yashi a kasko, ya ƙulle a tsumma, ya danna a wurin ya bar shi ya huce a kai. Da aka gama, duk wanda ya kalla zai ce mai aikin ne ya yi kuskure.

Ban gaya wa Inna komai ba. Na dai roƙe ta, na ce ƙanwarta tana ta cigiya. Ta shigo da ƙyar, hannuwanta a kan cinya, ba ta miƙa su ko'ina ba. Muna daf da shiga Yindiski wata saniya ta faɗo hanya. Wallahi ban shirya ba, gado ne kawai ya motsa, na taka birki har ƙasa. Hannunta ya tafi da kansa, ya faɗa cikin gurbinsa.

"Malam, a hankali mana!"

Saniyar ta gama tsallakawa a kan lokacinta. Na ga yatsun Inna suna bin gefen ramin. Na juyo na dube ta.

"Ki gaya wa saniyar, Inna."

Ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi da hannun hagu. Na daman kuwa bai bar wurin ba har muka tsaya a ƙofar gidan ƙanwarta.