Mussar da Asalinta ke Ƙarƙashin Ruwa

Kakata tana da kyanwa, mu nan Yawuri mussa muke cewa, kuma wallahi mussar nan ta fi ni gata. Ni in na zo hutu daga makaranta a Yelwa, tuwon jiya ake ɗumama min. Ita kuwa kan kifi, an zare ƙaya, an fifita ya huce. Na sha yi wa Kaka tsiya cewa ashe mussa ce jikar gidan, ni 'yar rakiya ce. Sai ta ce e mana, ai mussa ba ta wuni da waya a hannu tana dariya ita kaɗai kamar mai iskoki.

Gidan yana wani ƙauye bakin tafki ta wajen Ngaski, cikin gidajen simintin nan da aka gina wa mutanen gungu, wato tsibiri, lokacin da aka datse kogi a Kainji. Kakana ya rasu. Inna tana Yelwa tare da mu, kawunnaina kowa ya kama gabansa. Tsofaffin da Kaka take Gunganci da su sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, mu jikoki kuwa ban da gaisuwa da zagi ba abin da muka iya a yaren. Saura ita da mussa.

Kullum bayan la'asar tana da wani aiki da ba ta fashi. Ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta ajiye ƙwarya da ruwan sabulu, ta ɗebo toka mai sanyi. Mussa da kanta take zuwa ta haye cinya. Kaka ta shafa mata toka, ta riƙa buɗa gashin da yatsa, ta kamo ƙuma, ta matse, ta jefa a ƙwarya. Tana yi tana zuba mata Gunganci, dogon zance, har da tsayawa kamar tana jiran amsa. Ni ina gefe ina danne-danne, ina cewa a raina wannan tsohuwa sai a hankali.

Hutun da nake ba ku labari, ina sauka daga kabu-kabu na ga mussa duk ta lalace. Ta rame, ciki ya kumbura, gashi ya zube a ƙugu, dasashinta fari fat. 'Ya'yan da ta haifa da damina duk sun mutu. Ƙuma kuwa kamar an watsa mata gero baƙi, Kaka na cirewa suna ƙaruwa, don idonta ya fara rauni, rabin abin da take kamowa ƙasa ce.

Ban yi wata-wata ba, na ɗauki hoto na tura wa wata ƙawata da yayanta ke aiki a asibitin dabbobi. Shap-shap amsa ta dawo. Ya ce ƙuma ne suke shanye mata jini, kuma su ne suke sa mata tsutsar ciki in ta lashe su. Ya ce akwai maganin da ake ɗigawa a ƙeya, da ƙwayar maganin tsutsa, in ta murmure a kawo ta allurar rigakafi. Ya ja kunnena sosai kada in kuskura in shafa mata maganin kaska na shanu ko na kare, kashe kyanwa yake yi. Ranar kasuwa na koma Yelwa na karɓo, na dawo ina ta rawar kai, ni ga likita.

Kaka ta kalli 'yar robar da ke hannuna, ta janye mussa ta sa a bayanta.

"Mi ne ne wannan?"

"Magani ne, tsohuwa. Ɗigo kaɗan, an gama da ƙuma."

"Haka waɗancan ma suka ce."

Ban san su wa take nufi ba, sai da ta zaunar da ni. Ta ce lokacin da aka yi 'yancin kai tana 'yar mitsitsiya, abin da ta riƙe kawai an ba yara tuta ta takarda, tata ta faɗa kogi. Lokacin tashi daga gungu kuwa ta zama budurwa. Da aka zo kwashe su, uwarta ta ɗauki tukwane da irin albasa, ita ta cusa mussarsu a kwando ta shiga jirgi. Suna isowa sababbin gidaje wasu mutane suka zo da tankuna a baya suka yi feshi a bango, wai don sauro da kuɗin cizo. Kyanwoyin mutane suka goga jiki a bango, suka lashe, suka riƙa faɗuwa suna shure-shure. Tata ce kaɗai ta tsira, don ta ƙi shiga gidan, ta koma ta ɓuya ƙarƙashin jirginsu da aka kife a bakin ruwa.

Wannan da ke bayanta, in ji Kaka, zuriyar waccan ce, ba a taɓa yankewa ba. Kabarin ubanta yana ƙarƙashin tafki, tsamiyar ƙofar gidansu ma haka, gonar albasa haka. Abin da ya fito daga gungu da rai kuma yake tare da ita har yau, wannan ce. Kuma mussar ba ta da 'ya ko ɗaya yanzu.

Na ajiye maganin a kan taga, ban sake tayar da zancen ba.

Mussa ce ta yanke mana hukunci. Wata la'asar Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta kira, ta kira, shiru. Muka same ta bayan randa a kwance, ta ɗago kai ta kasa tashi. An kawo kifi ta kau da kai. Kaka ta daɗe a tsugune, sannan ta ce in miƙo abin nan. Ta sa na buɗe, ta kai hanci ta shaƙa, ta rufe ido, ta sake shaƙa. Ta ce ba warin ranar nan ba ne.

Ita ta riƙe, ita ta buɗa gashin ƙeya, ni na ɗiga. Ta hana ni motsi daga wurin, ta ce in wani abu ya faru gara ina gani. Haka muka zauna har rana ta yi ja a kan tafki, tana tallabe da kan mussa don kada ta juya ta lasa. Ƙwayar tsutsa kuwa sai da ta fara karɓar abinci muka tura mata a cikin tsokar kifi. Na kwashe tsummokaran da take kwana a kai na tafasa, na share ɗakin kaf.

Kafin hutu ya ƙare mussa ta dawo da iyayinta. Gashi ya fara fitowa, ta koma hawa katanga, har ɓera ta kawo mana ƙofar ɗaki tana yanga. Na cika ƙawayena da hotuna, ina ta kuri. Kaka ta yarda aka kai ta allura, a kwando, a kan cinyarta, har Yelwa.

Ana gobe zan koma makaranta na fito da la'asar na tarar an shimfiɗa tabarma, ga ƙwarya, ga toka. Kaka ta kamo mussa ta ɗora a cinya, ta buɗa wuya, ta buɗa ciki, ba komai. Mussa da ba abin da ke cizonta ta yi miƙa, ta zame, ta haye katanga ta bi wata ƙadangaruwa. Kaka ta fara wata magana da Gunganci, ta tsaya a tsakiya. Ruwan ƙwarya fes, ba ɗigon baƙi ko ɗaya.

"Ta warke," in ji ta. "Yanzu ba ta da lokacina."

Na kife wayata a ƙasa, na warware ɗankwali, na kwanta na ɗora kai a cinyarta. Na ce ta duba min, kaina yana ƙaiƙayi, 'yan ɗakinmu a makaranta ƙazamai ne. Ta ce ƙarya nake, kitson ma sabo ne. Amma ta sa yatsa. Can ta ci gaba da zancen daga inda ta tsaya, ban gane ko rabi ba, na dai riƙa cewa uhm a inda ta yi shiru.

Da safe ɗan kabu-kabu ya zo. Na bar mata sauran maganin, na ce in sabon wata ya kama ɗiyar maƙwabta za ta zo ta ɗiga. Da muka kai kwana na waiwaya. Tana tsaye a ƙofa, mussa tana can saman katanga tana lasar ƙafa, tabarmar kuwa tana jingine a gindin dogon yaro, ba ta shigar da ita ɗaki ba.